Ciwon Haukan Shanu da Mai Juna Biyu: Abin da Ɓerayen Ɗakin Bincike Suka Koya Mana

 

A wata ranar awo, bayan mun kammala faɗakarwar safe, wata baiwar Allah da aka turo mana daga Rawayau, ta yankin Kurfi da Dutsin-Ma, ta tsaya har sai da kowa ya watse. Cikinta wata bakwai. Maigidanta mahauci ne, don haka farfesun kai da ƙwaƙwalwa ba sa yankewa a gidansu. Ta ce ta ji ana bayanin wani ciwo a rediyo wai shi haukan shanu, wanda ke cinye ƙwaƙwalwar mutum, ba shi da magani, kuma yakan ɓuya a jiki shekara da shekaru kafin ya bayyana. Tun daga ranar ta ƙaurace wa nama kwata-kwata. Da muka duba katinta sai muka ga jininta ya yi ƙasa sosai, ga shi kuwa haihuwa na matsowa.

Ta ce: "Sista, idan ina da shi ban sani ba, zan sa wa abin da ke cikina? In na ba shi nono fa?"

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba a taɓa tabbatar da faruwar haka ba. Sai ta sake jefo mini wata tambayar: "To ku ta yaya kuka sani, tunda ba kwa ganinsa a awon jinin da kuke yi mana?"

Wannan tambaya ta cancanci cikakkiyar amsa. Ilimin ya samu ne ta hanya biyu: gwajin da masana suka shafe sama da shekara 50 suna yi a kan ɓeraye da sauran dabbobi, da kuma bibiyar iyalan da ciwon ya taɓa shiga gidajensu.

WANE IRIN CIWO NE?

Yawancin cututtukan da muka saba da su ƙwayoyin cuta ne ke kawo su daga waje, kamar zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa. Wannan ciwo dabam yake. A jikin kowannenmu, musamman a ƙwaƙwalwa, akwai wani sinadari na furotin da aka halicce mu da shi, ba ya cutar da kowa. Wani lokaci sai ƙwaya ɗaya ta wannan furotin ta murɗe ta sauya siffa. Idan ta taɓa 'yar uwarta mai lafiya sai ita ma ta murɗe, a haka a haka har su taru su lalata ƙwaƙwalwa. Kin ga yadda ake zuba ɗan tsohon nono a ƙwaryar madara, kafin gari ya waye duk ta kama? To kusan haka abin yake, sai dai shi yakan ɗauki shekaru. Wannan murɗaɗɗen furotin shi ake kira firayon, sunan da likita Stanley Prusiner na Amurka ya raɗa masa a 1982. Idan aka duba ƙwaƙwalwar da ya lalata da madubin likita, sai a gan ta da ƙananan ramuka kamar soso.

A jikin ɗan Adam an fi saninsa da ciwon Creutzfeldt-Jakob, ko CJD a taƙaice, sunayen likitoci biyu na ƙasar Jamus da suka yi bayaninsa a 1920 da 1921. Ciwo ne da ba kasafai ake samunsa ba: mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan guda a shekara. Kimanin kashi 85 cikin 100 yana tasowa ne haka kawai, galibi ga waɗanda suka kai shekara 60. Kashi 10 zuwa 15 gado ne. Wanda ake ɗauka daga waje, ta nama ko ta kayan aikin likita, shi ne mafi ƙaranci.

Alamominsa su ne mantuwa mai tsananta cikin 'yan watanni, tangaɗi wajen tafiya, fizgar gaɓoɓi, da rikicewar gani. Har yanzu ba shi da magani, kuma yawanci ba a wuce shekara guda bayan bayyanarsa.

YADDA AKA KAI GA ƁERA

Ba a yin gwajin cuta mai kisa a kan mutum, wannan haramun ne a addini da kuma dokar aikin likita. Dole sai an samu dabbar da za ta tsaya a madadinsa.

Tun ƙarni na 18 makiyayan Turai suka san wani ciwon tumaki da ke sa tunkiya soshe-soshe da tangaɗi har ta mutu. A 1936 wasu likitocin dabbobi biyu a Faransa suka nuna cewa ana iya sa wa lafiyayyar tunkiya ciwon ta hanyar allura. A 1961 kuma Richard Chandler a Ingila ya yi nasarar sa wa ɓera shi.

A ɗaya gefen duniya, a tsaunukan ƙasar Papuwa Niyu Gini, wani ciwo mai suna kuru yana ta kashe mata da yaran ƙabilar Fore. Likita Carleton Gajdusek da abokan aikinsa suka ɗebi ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu, suka yi wa manyan birai allura da ita. Sai da aka jira kusan shekara biyu sannan biran suka kwanta. An bayyana sakamakon a 1966, sannan a 1968 aka maimaita haka da ciwon CJD.

Amma biri yana da tsada, ga wuyar kiwo. Shi ya sa aka koma kan ƙananan dabbobi. A shekarun 1970 Elias da Laura Manuelidis na jami'ar Yale a Amurka suka sa wa ɓeran Masar ciwon CJD, a 1979 kuma Jun Tateishi na ƙasar Japan ya sa wa ɓeraye irin wannan ciwo daga ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasu.

Ga yadda ake yi. Ana ɗaukar ɗan ƙanƙanin yanki na ƙwaƙwalwar mamaci, da izinin danginsa, a niƙa shi cikin ruwan gishiri. Sai a sa ɓeran barci, a yi masa allurar ɗigo kaɗan a ka. Daga nan sai jira, wata da watanni, wani lokaci har shekara biyu, wato kusan tsawon rayuwar ɓera. Idan ya kamu, za a ga ya rame, gashinsa ya yamutse, bayansa ya ranƙwafa, yana tangaɗi. A ƙarshe sai a duba ƙwaƙwalwarsa a ga ko ramukan nan sun fito. Da wannan hanya ake gwada kowane sashe na jiki: ƙwaƙwalwa, laka, jini, nono, mabiyiya. Sashen da ya sa ɓeraye ciwo, an san yana ɗauke da cutar ke nan.

ME ƁERAYEN SUKA NUNA?

Na farko, sun nuna cewa akwai katanga tsakanin jinsin halitta da wani jinsin. Ciwon mutum ba ya kama ɓera cikin sauƙi, ko da an zuba masa shi kai-tsaye a ƙwaƙwalwa. Sai da masana suka samar da ɓeraye masu ɗauke da furotin irin na ɗan Adam, a tsakiyar shekarun 1990, sannan aka riƙa ganin suna kwantawa cikin kimanin wata bakwai.

Na biyu, sun tabbatar da tushen ciwon. A 1993, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, an gwada wasu ɓeraye da aka samar ba su da wannan furotin sam. Aka yi musu allurar cutar, ba su kamu ba. In babu madara a ƙwarya, tsohon nono ba shi da abin kamawa.

Na uku, su ne suka warware maganar haukan shanu. An gano ciwon a shanun Birtaniya a 1986, ya kuma kama sama da shanu 180,000. Dalilin yaɗuwarsa shi ne ana niƙa ragowar nama da ƙashin dabbobi a zuba a abincin shanu. A watan Maris na 1996 gwamnatin ƙasar ta sanar da ɓullar wani sabon nau'in CJD a jikin matasa. A 1997 Moira Bruce da abokan aikinta a Edinbara suka bayyana gwajinsu: ɓerayen da aka sa wa ciwon shanu da waɗanda aka sa wa ciwon matasan sun kwanta a kusan lokaci ɗaya, kuma wurare iri ɗaya ne suka lalace a ƙwaƙwalwarsu. Ashe ciwo ɗaya ne. Mutum 178 ya kashe a Birtaniya, a duniya duka kuma kimanin 230. Da aka hana ba shanu wannan abinci, aka kuma daina sayar da ƙwaƙwalwa da lakarsu, sai annobar ta lafa.

Na huɗu, sun nuna cewa firayon yana manne wa ƙarfe. A 1999 masana ƙarƙashin Charles Weissmann suka gwada siraran wayoyin ƙarfe da suka taɓa ƙwaƙwalwa mai cutar. Aka wanke su tas, aka sa a kan lafiyayyun ɓeraye, suka kamu. Tafasawa ba ta kashe shi, haka ma barasar goge fata. Wannan ya yi daidai da abin da ya faru a Zurik a shekarun 1970, inda wasu majinyata biyu suka kamu ta wayoyin auna ƙwaƙwalwa da aka yi wa wani mai ciwon aiki da su. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 1999: kayan da suka taɓa ƙwaƙwalwa, laka ko idon wanda ake zargin yana da ciwon a ƙone su, ko kuma a jiƙa su awa guda cikin sinadari mai ƙarfi sannan a turara su a tukunya ta musamman.

Wannan ilimi bai zo a banza ba. A 2010 wata matashiyar ma'aikaciyar ɗakin bincike a Faransa ta soki yatsanta da ƙarfen da take aiki da shi a kan ƙwaƙwalwar irin waɗannan ɓeraye. Bayan shekara bakwai ciwon ya bayyana, ta rasu a 2019. A 2021 ƙasar ta dakatar da irin wannan bincike na wani lokaci domin a gyara matakan kariya.

UWA DA ABIN DA KE CIKINTA

Yanzu mu dawo kan tambayar 'yar uwarmu ta Rawayau. A 1979 su Manuelidis suka bar ɓerayen Masar masu ɗauke da CJD suka hayayyafa, 'ya'yan ba su kamu ba. An ga haka ma a 'ya'yan biran da aka yi gwaji da su. Sai dai dabba ba mutum ba ce. A tumaki, misali, ciwon yana bin mabiyiya ya kama 'yan raguna. Don haka ba a tsaya kan dabbobi kaɗai ba, sai da aka duba mutane.

Babbar shaida ta fito ne daga ƙabilar Fore. A al'adarsu ta da, idan mutum ya mutu dangi kan ci sassan jikinsa a matsayin girmamawa, kuma mata da yara ne ke cin ƙwaƙwalwa. Ta nan kuru ya yaɗu, ya kashe sama da mutum 2,700 daga 1957. An bar al'adar wajen 1960. Mata da yawa da suka riga suka ɗauki cutar sun ci gaba da ɗaukar ciki, suna haihuwa, suna shayarwa, wasu ma suna cikin jinya. Duk da haka, cikin yaran da aka haifa bayan barin al'adar ba a samu wanda ya yi kuru ba, alhali an bibiye su shekaru masu yawa. A Birtaniya ma an bibiyi sama da yara 100 da iyayensu suka yi ciwon da ake ɗauka daga shanu, rahoton da ya fito a 2011 bai nuna ko ɗaya da ya kamu ba.

Saboda haka, 'yar uwa, babu shaidar cewa wannan ciwo yana bin mahaifa ko ruwan nono ya kama jariri. Haka nan ba a ɗaukarsa ta gaisawa, cin abinci a kwano ɗaya, zaman aure ko jinyar mara lafiya.

Nau'in da ake gado shi ne ya bambanta. Shi yana cikin ƙwayar halitta ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba, kuma ba ya bayyana sai mutum ya girma. Idan a danginku ko dangin maigidanki an samu mutum biyu ko fiye da suka rikice suka rasu cikin ƙanƙanin lokaci tun ba su tsufa ba, ki sanar da likita.

BATUN ƘARIN JINI

Gwaji a kan tumaki ya nuna tun 2000 cewa cutar na iya bin jini. A 2003 aka samu mutum na farko a Birtaniya da ya kamu ta ƙarin jini. Waɗanda aka tabbatar sun ɗauka ta ledar jini mutum huɗu ne, dukkansu a can, kuma daga jinin da aka ƙara musu kafin ƙarshen 1999. Ki auna wannan da zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba wajen kashe mata a ƙasarmu. Idan likita ya ce kina buƙatar jini, kada ke ko maigidanki ku yi jinkiri. Ana tantance jinin daga ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu da tunjere kafin a ƙara wa kowa. Abin da ya fi shi ne maigida ya tanadi masu ba da jini tun cikin yana wata bakwai.

NAMAN DA MUKE CI

Ba a ba da rahoton samun haukan shanu a shanun Nijeriya ba. Shanunmu ciyawa suke ci, na turke kuma dusa, harawa, ƙowa da ƙuli-ƙuli. Mai juna biyu tana buƙatar nama, kifi, ƙwai, wake da ganye irin su zogale domin jininta ya cika. Barin nama saboda tsoron ciwon da ba a gani a nan ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Amma akwai hattara. Mai kiwon sa ko rago kada ya ba shi abincin kaji mai garin ƙashi ko na jini, kada kuma ya ba shi kashin kaji. A 2018 masana sun bayyana gano wani ciwon firayon a raƙuma a mayankar Wargala ta ƙasar Aljeriya. Ba a nuna yana kama mutum ba, amma mu da raƙuma ke shigo mana daga arewa ta kasuwanni irin su Mai'aduwa, ya kamata mu sani. Dabbar da ke tangaɗi, ko rawar jiki, ko ta kasa tashi, ba ta yankawa a ci ba ce. A kira malamin dabbobi. Al'adar nan ta "a yi maza a yanka kafin ta mutu" tana iya jawo cututtukan da suka fi kusa da mu, kamar ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja a watan Yuli na 2023. A sayi naman da ma'aikata suka duba a mayanka, a dafa shi sosai, a kuma tafasa madara kafin a sha.

DARASIN ƘARFE A GIDAJENMU

Ba a taɓa nuna cewa askar wanzami tana yaɗa CJD ba. Amma darasin wayar ƙarfen nan ya shafe mu: ƙarfe yana iya yin ƙyalli alhali yana ɗauke da cuta. Aska ko reza da aka yi wa wani aiki da ita tana iya sa wa jariri ciwon hanta, ƙanjamau ko sarƙewar haƙora. A yanke cibiya da sabuwar reza, a shafa mata man cibiya na asibiti, ba toka ko man goge baki ba. Ranar suna maigida ya saya wa wanzami sabuwar reza, a buɗe ta a gabansa. A guji cire beli da yankan gishiri. A kai jariri rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa.

KADA A RUƊA SHI DA WASU CUTUTTUKA

Idan mai juna biyu ko mai jego ta fara ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, fizge-fizge ko surutai, ba haukan shanu ba ne, ba kuma lokacin jiran mai magani ba ne. Yana iya zama jijjiga, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, sanƙarau, ko rikicewar tunani bayan haihuwa. Duk waɗannan suna da magani idan an zo da wuri. A garzaya asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, su kuma za su turo nan idan abin ya fi ƙarfinsu.

Haka kuma idan tsoho ko tsohuwa suka rikice cikin 'yan makonni, kada a ce gigin tsufa ne kawai, kada a zargi kowa da maita, kada kuma a guje su. A kawo su a duba, domin sau da yawa akan tarar da abin da ake iya magancewa.

Ɓeran gida kuwa ba ya ɗauke da CJD. Na ɗakin bincike ma sai da aka yi masa allura, kuma a killace yake. Haɗarin ɓeran gida shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma yana da tsanani ƙwarai ga mai tsohon ciki. A rufe abinci da ruwan sha, a toshe ramuka, a daina shanya hatsi ko gari a ƙasa inda ɓera zai bi ta kai.

A TAƘAICE

1. Ki ci nama mai kyau da aka dafa sosai, ki sha maganin ƙarin jini kullum.
2. Kada a ci naman dabbar da aka yanka tana ciwo, musamman ƙwaƙwalwa da laka.
3. Ki shayar da jaririnki nono zalla har wata shida ba tare da fargaba ba.
4. Kada a ƙi ƙarin jini idan likita ya ce ana buƙata.
5. Sabuwar reza ga kowane jariri, sabuwar allura ga kowane majinyaci.
6. Fizge-fizge ko rikicewa a lokacin ciki ko jego, a tafi asibiti nan take.

Ita 'yar uwarmu ta Rawayau, mun kira maigidanta muka yi musu wannan bayani tare. Shi da kansa ya ce daga yau dabbar da ta kasa tsayuwa ba zai saya ba, komai arharta. Ta koma cin abincinta da shan magani, kuma a awo na gaba jininta ya fara hawa. Idan ke ma kina da tambayar da ke hana ki barci, ki tsaya bayan faɗakarwa ki yi mana ita, don haka muke nan. Mai tambaya ba ya ɓata.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana abin da za ku haifa, amin.